Auduga a gida, kunne a buɗe gaban bafil

Assalamu alaikum Tanti. Ni budurwa ce, shekaruna 23, ina unguwar Birni nan Damagaram, sana'ata ɗinki. Bayan ƙaramar Sallah muka je wasan mawaƙa ni da ƙawayena, muka kutsa har gaba dab da bafil, wato manyan lasifikan nan, muka yi wajen awa huɗu. Da na koma gida kunnena na ta ƙugi kamar rediyon da ba a kama tasha ba. Kwana uku ina jin maganar mutane kamar daga cikin rijiya. Jin ya dawo, amma ƙugin bai tafi duka ba, da dare in gari ya yi tsit ina jinsa. Abin da ya fi damuna, yanzu ƙara kaɗan sai ta soke ni. Kwanon silba ya faɗi, yaro ya tsala ihu, ɗan kabu-kabu ya danna oda, sai in ji har cikin haƙorana. Shi ya sa nake cusa auduga in ɗaura kallabi a kai, haka nake wuni har a shago.

Yayana ya kawo mini abin toshe kunne irin na soso. Sau ɗaya na sa a wani buki, wata ƙawa ta hango, suka yi ta dariya wai na zo walima na ɗaure baki. Tun ranar ban ƙara sawa ba, in ana buki haka nan nake zuwa in daure, in dawo da ciwon kai. Gwaggona ta ce iska ce, a nemo mini hayaƙi. Ga shi aminiyata za ta yi aure wata mai zuwa, ni ce babbar ƙawa, an riga an kama mai sono, wato mai kayan sauti, na kwana biyu. In ban tsaya ba za ta ce na wulaƙanta ta. Tanti, in haƙura da zuwa ne ko in ci gaba da daurewa? Kuma kurma zan zama?

Ɗiyarki a Birni.

Wa alaikumus salam ɗiyata. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don na san ta fi ƙugin hana ki barci. Abin da kika bayyana bai nuna gobe ko jibi za ki kurumce ba. Jinki ya dawo bayan kwana uku, alhamdu lillahi. Sai dai kunnen ya yi miki kashedi, kuma jiki magayi. Daren wasan ya riga ya wuce, ba zan yi miki faɗa a kansa ba. Abin da kike yi tun daga ranar shi ya sa na ajiye sauran wasiƙu na ɗauki taki. Kin juya maganin ne. A gida da shago, inda ƙarar ba ta isa ta yi miki lahani ba, kin toshe kunne. A gaban bafil kuwa, inda ake ɓarnar gaske, kin bar shi a buɗe don kunyar ƙawaye.

Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan ƙashi murɗaɗɗe kamar katantanwa, bai fi ƙwayar wake girma ba, cike da ruwa. A cikinsa akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi a kai, wajen 15,000 a kowane kunne. Su ke karɓar motsin sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Kin taɓa bin hanyar Mirya da safe bayan an kwana ana iskar hadari? Za ki ga hatsi ya kwanta. Wani karan kwana biyu ya miƙe abinsa, wani kuwa ya karye daga gindi. Kwana ukun nan da kika yi kina jin magana kamar daga rijiya, kwanciyar ce. Manomi dai yana da baɗi. Kunne ba shi da ita, waɗanda aka haife ki da su su ke nan, wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Kuma mugun abin, ba ya zubar da jini balle a gani. A hankali yake tafiya, ya fara da siraran sautuka, har wata rana ki tarar kina jin muryar mutum amma ba ki rarrabe abin da yake cewa in ana hayaniya.

Na ga wannan a gidanmu. Kawuna ya yi shekara da shekaru yana tsaron injin niƙa, tun daga safe har la'asar sakaliya, kansa fari fat da gari, kunnensa a buɗe. Da ya manyanta, in ana hira a zaure sai ya karkato kai, ya kafa tafin hannu a bayan kunne, ya zuba wa bakinka ido. In aka yi dariya shi ma sai ya yi, a makare, don kada a gane bai ji ba. Jikokinsa suka daina ba shi labari, sun gaji da maimaitawa. Ba a taɓa kiransa kurma ba, amma yana zaune a tsakiyarmu shi kaɗai.

Ana auna ƙarfin sauti da abin da ake kira desibel. Hirar mutum biyu wajen 60 ce. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muka fi sani da OMS, ta ce babba zai iya zama cikin desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da lahani ba. In ta kai 90, lokacin ya koma awa 4 a mako. In ta kai 100, bai kai ko rabin awa ba, a mako guda fa. Lissafin ba irin na kasuwa ba ne: duk desibel 3 da aka ƙara, lokacin da kunne zai iya ɗauka yana raguwa da rabi. Wuraren wasan mawaƙa kuwa sukan kai 100 har su haura, balle ga wanda ya je ya rungumi bafil. Ke kuma kin yi awa huɗu. Kin ga kenan a dare ɗaya kin cinye rabon watanni. Ba ke kaɗai ba ce, hukumar ta ƙiyasta matasa sama da biliyan ɗaya, masu shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan sauraro. Ba kya bukatar na'ura don ki gane wuri ya yi yawa. In sai kin ɗaga murya kafin wadda ke tsaye nisan hannu da ke ta ji ki, ƙarar ta kai mai cutarwa.

Yanzu maganar auduga, kuma a nan nake so ki ba ni kunnenki da kyau. Ta farko, auduga ba ta tare ƙarar kirki. Tana rage kaɗan ne ta sa ki ji kamar kin yi wani abu, ga zarenta na maƙalewa a ciki, ga gumin Damagaram yana jiƙa ta, ƙarshe ki jawo wa kanki ƙaiƙayi da ciwon kunne. Ta biyu ta fi muhimmanci. Wannan sukar da kike ji in kwano ya faɗi, likitoci sun san ta, kuma takan biyo bayan kunne ya sha duka irin wanda naki ya sha. Ƙwaƙwalwa ce ke ƙara wa kanta murya. Da ta ga saƙon da ke zuwa daga kunne ya ragu, sai ta murɗa makunnin ta ƙara ƙarfi, shi ya sa kike jin ƙugin da babu shi a waje, kuma ƙarar da wasu ba su ko kula da ita ba take soke ki. To in kika wuni da kunne a toshe, saƙon ya ƙara raguwa, ita kuma sai ta ƙara murɗawa. Ki tuna yadda ido yake yi in kin daɗe a ƙuryar ɗaki kika fito tsakar gida da azahar a watan Afrilu. Ranar ba ta canza ba, idon ne ya saba da duhu. Wanda ya koma ɗaki don gudun hasken, gobe fitarsa ta fi zafi. An gudu ba a tsira ba kenan.

Saboda haka ki cire audugar. Ba sai rana ɗaya ba in kin ga zai yi miki nauyi. Ki fara da safiya a gida, bayan kwana biyu ki ƙara da shago, har ki saba. Ƙarar keken ɗinki, da hirar mata, da daka, da kukan yaro, suna ba ki haushi yanzu amma ba su karya karan nan da na gaya miki. Kunnen yana bukatarsu don ya koma daidai, kuma abin kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. In kuna tayar da gurup, wato injin wuta, a shago in kuran ya ɗauke, shi kam a ja shi nesa da ƙofa. Da dare kada ki kwanta cikin tsit kina farautar ƙugin. Ki bar fanka tana juyawa, ko ki sa karatu ƙasa-ƙasa a rediyo, ba a cikin kunne ba. Mutane da yawa ƙugin yakan lafa musu, wasu kuma ƙwaƙwalwar ce ke daina kula shi, kamar yadda mai gida kusa da titi yake daina jin motoci. Tsoro da rashin barci su ke ƙara masa ƙarfi.

Abin da yayanki ya kawo kuwa, Allah ya yi masa albarka, shi ne na wurin buki. Na soson nan in an sa shi daidai yakan rage desibel 15 zuwa 20 ko fiye, wato ya sauko da ke daga inda kike da ƴan mintuna zuwa inda kike da awoyi. Sai dai mafi yawan mutane ba su iya sa shi ba, suna ɗora shi ne a bakin kunne yana leƙe kamar alawa, kuma ina zargin haka kika yi har ƙawarki ta hango. Ki wanke hannu. Ki murza shi tsakanin yatsu har ya koma siriri kamar tsinken ashana mai kauri, ba lanƙwasa. Ki zagayo da ɗayan hannun ta saman kai ki ja kunnen sama da baya, don ramin ya miƙe. Ki zura shi, ki dafe da yatsa kina ƙirga talatin yana kumbura a ciki. In ya zauna, muryarki za ta koma kamar kina magana cikin tulu, kuma wanda ke kallonki ta gaba da ƙyar zai gan shi. Ke da kike da kallabi da ɗauri ma ai kin fi maza sa'a. Ki gwada a gida sau uku ko huɗu kafin ranar, kada ki bari sai a tsakiyar fili. In ya yi dauɗa ko ya daina kumbura ki yar.

Gaskiyar da zan gaya miki, na soso yana dushe kiɗa, ya fi cinye siraran sautuka ya bar miki dukan ganga. Akwai wani iri na roba mai laushi da ɗan mataci a ciki, wanda aka yi don mawaƙa da makaɗa. Shi yana rage ƙarar ne bai-ɗaya, ki ji waƙar yadda take, ki ji maganar ta kusa da ke, ana wanke shi a sake sawa. Ki tambaya a farmasi, ki ce bushon na kunne kike so, wasu sun fi gane shi da sunan Quies, wani kamfanin Faransa da ya yi suna a kansa. In ba ki samu mai matacin a gari ba, ki ba masu zuwa Kano ko Yamai sautu, akwai sauran wata guda. In kuma bai samu ba, na soson ya wadatar.

Inda kika tsaya ma rabin magani ne. A buɗaɗɗen fili, duk lokacin da kika ninka nisanki da bafil, ƙarar na raguwa da wajen desibel 6, wato lokacinki ya ninku huɗu. Ki guji gaban bafil da kusurwar da katanga ke maido da sauti. In kin yi kamar awa guda ki zame ki shiga cikin gida ki huta na ƴan mintuna. Babbar ƙawa ai ba ta rasa dalilin shiga ciki, ko ruwa ne, ko kayan amarya, ko rabon abinci. Bayan bukin kuma ki ba kunnen kwana ɗaya ko biyu, ba ekutar, abin sauraron nan da ake maƙalawa a kunne, ba wani taron. Af, tunda na ambaci taro: in kin je kallon hawan Sallah a ƙofar fada, ki yi nesa da ƴan bindiga. Harbi ɗaya kusa da kunne yakan haura desibel 140, shi ba ya jiran awoyi, a take yake ɓarna.

Gwaggonki tana sonki, kada ki yi mata musu a gaban mutane. Ki karɓi addu'arta da hannu biyu. Amma abin da ke kunnenki yana da sanadi da aka sani, har ranar da ya fara kin gaya mini. Abin da zan roƙe ki, kada ki yarda a ɗiga miki komai a ciki, ko mai, ko ruwan albasa, ko turare, ko wani jiƙo. Kada ki sosa da gashin kaza ko tsinken tsintsiya. Ki shirya kafin bukin ki je Babban Asibitin Ƙasa na Zinder ki nemi ɓangaren ORL, masu duba kunne da hanci da maƙogwaro. A leƙa miki, don wani lokaci tarin dauɗar kunne da audugar ta tura ciki ma yana ƙara ƙugi, sannan ki roƙi a yi miki gwajin ji ki san inda kike. Ki gaya wa likita duk maganin da kika sha a ƴan watannin nan. Kinin da ake ba wa masu zazzaɓin cizon sauro sananne ne wajen sa kunne ƙugi, haka asfirin in an sha da yawa, akwai kuma wasu allurai irin su jantamisin da ke taɓa ji. Ki faɗa masa ciwon kan ma, don masu ciwon ɓarin kai sau da yawa ba su jure ƙara da haske. Amma in kin wayi gari kunne ɗaya ya ɗauke ɗif, ko jiri na kwasarki, ko ruwa ko jini na fita, ko ƙugin na bugawa tare da bugun zuciyarki, wannan ba na jira ba ne, a ranar za ki tafi.

Saura ƙawaye. Wadda ta ce kin zo walima kin ɗaure baki ta iya magana, ban hana ta ba, ni ma na yi dariya. Sai dai ki tambaye ta, in an zuba wa miya barkono har ba a jin ɗanɗanon nama, wanda ya rage barkonon ya ƙi abinci ne? Manyan mawaƙan da take gani a waya da wani abu maƙale a kunne suna kan dandamali, ba ado ba ne. Da shi suke jin kansu, kuma yana tare musu rugugin filin, don kunnen shi ne jarinsu. Dariyar ƙawaye ta kwana ɗaya ce in kin ƙi nuna ta dame ki. Ki ce musu likita ne ya ce, ki yi musu kunnen uwar shegu, ki shiga fili ki taka rawarki. Ina mai tabbatar miki a cikinsu akwai wadda kunnenta ke ƙugi bayan kowane buki, ta ɗauka haka kowa yake.

Ni dai abin nan na sono ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mun taso ana buki da kalangu da algaita, a fada ana busa kakaki, kuma ba wanda ya ce bukin bai yi armashi ba. Yanzu an mai da ƙarar bafil ma'aunin arzikin gida, sai an ji daga Zango har Sabon Gari kafin a ce wane ya aurar da ɗiya. Ki duba fili ki ga mace da goyo tana liƙi dab da bafil, kan jaririn a saitin inda sautin ke fitowa, shi ba bakin cewa ya isa. Yara kuwa OMS ta sa musu ma'auni ƙasa da na manya, desibel 75. A watan Maris na 2022 hukumar ta fitar da ƙa'ida ga wuraren wasa: kada matsakaicin ƙarar ya wuce desibel 100 in an auna na minti 15, a tanadar wa mutane abin toshe kunne, a ware inda za su je su huta. Kin ga abin da ƙawayenki ke yi wa dariya, a wasu wuraren a ƙofa ake miƙa wa mutum shi.

To ke wannan karon kina da abin da ba ki da shi ranar wasan mawaƙa, kina da baki a cikin shirin. Babbar ƙawa ce ke, da ke ake tsara inda za a kafa rumfa da inda amarya za ta zauna. Ki sami mai sonon tun kafin ranar, ke da wani namiji daga gidan amarya, cikin girmamawa, ki ce masa akwai tsofaffi da masu goyo. A ɗaga bafil a kan ƙafa ya wuce kan mutane, a kau da fuskarsa daga kujerar amarya da layin iyaye, in ya fara gurgura yana karkarwa a rage. Ba zai ƙi ba in wanda zai biya shi ne ya faɗa, kayansa ma sun fi daɗewa a haka.

Ita kuma aminiyarki kada ki bari sai ranar ta ga kina zamewa ta fassara da kanta. Ki je gidansu cikin makon nan, lokacin da ba kowa, ki zauna a bakin gadonta ki gaya mata tun daga daren wasan har audugar. Ki ce mata kina nan daga lalle har kai amarya, amma za ta riƙa ganin kin shiga ciki kin fito, kuma akwai abu a kunnenki. Ki fito da shi daga jaka ki nuna mata yadda ake murzawa. In za ki saya ki sayi na mutum biyu, don ranar ita za a zaunar a kujera ɗaya tun la'asar har dare, an lulluɓe ta, ba damar tashi.